Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin makarantu da hukumomin ilimi, kafin ku sa hannu a takardar sayen tabulet

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malamin aji ne, lissafi nake koyarwa, kuma abin da ya sa na zauna rubuto muku wannan doguwar wasiƙa shi ne maganar da ta cika bakin kowa yanzu ta koyarwar haɗaka, wato yaro ya ɗauki wani ɓangare na karatunsa a gaban malami wani ɓangaren kuma a kan na'ura, dan kowa ya tafi daidai ƙarfinsa. Tun daga farko bari in faɗa muku ina goyon bayan abin ɗari bisa ɗari. Tsorona ɗaya ne, yadda na ga ana shirin shigo da shi, duk taron da aka yi maganar kwamfuta nawa za a saya da kamfanin da za a ba kwangila ita ke cinye lokacin, amma jadawalin darussa da silabus da abin da sufeto zai duba in ya shigo aji babu mai ɗaga su, alhali nan ne abin zai rayu ko ya mutu.

Ku fara da tambayar kanku wai ma wace cuta ake son magancewa. Mu da muke tsayawa gaban allo mun san ta. Ana tara yara a aji ɗaya ne sabida shekarunsu sun zo ɗaya, ba dan saninsu ya zo ɗaya ba. Ka ba aji lissafin 52 a ɗebe 17, wani yaro zai rubuta maka 45, kuma ba wai caca ya yi ba, yana da dokarsa a kai: a kowane layi yana cire ƙaramar lamba ne daga babba, 2 daga 7 saura 5, 1 daga 5 saura 4. Zai yi maka guda ashirin duk a kan wannan dokar, da natsuwarsa da komai, sabida tun shekarun baya ba a kama shi an nuna masa yadda ake aro daga gidan gomomi ba. Na kusa da shi kuma ya wuce nan amma in ka ce ya haɗa rabi da sulusi sai ya haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ya ba ka biyu bisa biyar. A bencin gaba akwai yarinyar da ta gama tun kafin ka ajiye alli tana wasa da biro. Duk su ukun silabus ya ce yau aljebra za ka koya musu, kuma darasi ɗaya, minti arba'in. To wa za ka bi? Gaskiyar da ba mu cika faɗa a gabanku ba ita ce muna bin masu ɗaga hannu ne, mutum biyar shida sun amsa sai mu ce aji ya gane, mu wuce.

Kuma wannan ba ƙorafin malami ɗaya ba ne. A wani bincike da Karthik Muralidharan da Abhijeet Singh da Alejandro Ganimian suka yi a birnin Delhi na Indiya, wanda ya fito a 2019, sun auna yaran makarantun gwamnati suka tarar ɗan aji 6 a lissafi yana baya da kusan aji biyu da rabi, ɗan aji 9 kuma da kusan aji huɗu da rabi, sannan a cikin aji guda tazarar da ke tsakanin na sama da na ƙasa takan kai aji biyar zuwa shida. Bankin Duniya da abokan aikinsa kuma a 2022 sun ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin samu ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi. Yaran nan fa da yawansu suna zuwa makaranta kullum, sunansu na cikin rijista, ana ciyar da su gaba duk shekara.

Maganin an daɗe da saninsa, tsada ce ta hana. A 1984 Benjamin Bloom na jami'ar Chicago ya rubuta cewa yaron da aka ba shi malami shi kaɗai, ba a barinsa ya wuce wani babi sai ya iya na baya, yakan zarce kusan kashi 98 cikin 100 na yaran da suka yi karatu a aji na yau da kullum. Binciken da aka yi daga baya bai samu tazara mai girma har haka ba, amma alkiblar ba ta canza ba, koyar da yaro daga inda yake tsaye yana cikin abubuwan da suka fi aiki a harkar nan. Sai dai babu gwamnatin da za ta iya ɗaukar malami ɗaya ga kowane yaro, shi ma Bloom tambayar da ya bari kenan, ya za a samu irin wannan sakamakon a aji mai yara da yawa. Nan ne na'ura ta samu ƙofa. Kuma dan Allah kar wani mai talla ya zo ya ce muku sabon abu ne, tun shekarun 1920 Sidney Pressey ya ƙera injin da ke yi wa ɗalibi tambaya ya duba amsarsa, B. F. Skinner ya sake tado da maganar a shekarun 1950, kowane zamani da alƙawarin an kusa sallamar malami, har yau ga mu nan da allinmu.

Abin da na'ura ta iya, ta iya shi sosai, ba na raina mata. Manhaja mai kyau za ta yi wa yaro tambayoyi har ta gano daidai inda ya tsaya, ta ba shi aiki daga nan, ta duba amsarsa nan take ba sai bayan sati biyu da malam ya gama makin littattafai ba, kuma ba ta gajiya ba ta tsaki ko sau goma ya maimaita bidiyon. Yaron da ke jin kunyar ɗaga hannu a gaban abokansa ba ya jin kunyar allon tabulet. Amma in an kunna majigi aji duka suna kallon bidiyo ɗaya a lokaci ɗaya, ko an kai su ɗakin kwamfuta kowa yana kan shafi ɗaya, wallahi an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago, darasi ɗaya ne dai ga kowa, sai ma da aka rasa malamin da aƙalla yana iya kallon fuska ya gane an ɓata. Masu nazarin abin, irin su Heather Staker da Michael Horn da suka karkasa nau'o'insa a 2012, sun sa sharaɗin cewa sai yaro yana da ɗan iko a kan lokaci ko wuri ko hanya ko saurin da yake tafiya, kuma abin da ya yi a na'ura ya haɗu da abin da ake yi a aji su zama darasi ɗaya. In babu wannan to ku kira shi wani sunan.

Bari in kwatanta muku yadda yake a cikin aji, irin wanda ake zagayawa, dan shi ya fi sauƙin farawa. Ka fara da ɗan gwaji, ko a takarda ma ya isa, ka raba yara gida uku bisa abin da gwajin ya nuna. Kashi ɗaya suna kan na'ura da iyafis a kunne, kowa da aikin da manhaja ta ba shi. Kashi na biyu suna aiki da littafi da biro, bibbiyu ko uku-uku, suna warware tambayoyi suna gardama a tsakaninsu. Kashi na uku suna zagaye da malam. Bayan minti ashirin ko ashirin da biyar a tashi a canza wuri. To duk sirrin abin yana wajen wannan kashi na ukun, dan a nan ne zan zauna da mai cewa 45 ɗin nan da ire-irensa, in ɗauko tsinke ɗauri-ɗauri na goma-goma in ce ga 52, ɗebe min 17, ya ƙirga biyun da ke warwatse ya ga ba za su ba shi bakwai ba, ya tsaya yana kallona, in yi shiru, har shi da kansa ya kai hannu ya kwance ɗauri guda. Daga ranar ya gama da wannan matsalar. Abin bai fi minti goma ba, amma minti goman nan ne ba na taɓa samu in ina tsaye gaban aji duka, na'urar ita ta riƙe min sauran har na same shi. Kun ga kuma a wannan tsarin ba sai kowane yaro ya samu tasa ba, sulusin aji kawai ke buƙata a lokaci guda, kuɗin da za ku kashe ya ragu sosai kenan.

Ba na ce abin yana tafiya sumul ba. Makonnin farko hayaniya ce zalla, canjin wuri kawai sai ya ci minti biyar, wannan ya manta fasawod, wancan iyafis ɗinsa kunne ɗaya ke yi, wani ya gano in ya danna amsa barkatai manhajar za ta sauko da shi tambayoyi masu sauƙi ya tara taurari a banza. Sai an koya wa yara tashi da zama da ɗauko na'ura da mayar da ita kaman yadda ake koya musu kowane darasi. Kuma rukunin nan dole ya riƙa canzawa duk bayan 'yan makonni bisa sabon gwaji, in ba haka ba yara ba wawaye ba ne, ko ka sa wa rukunin sunan tsuntsaye cikin kwana biyu sun san wanne ne na daƙiƙai, sunan ya bi yaro har ya gama makaranta.

Yanzu ga dalilin da ya sa nake ta nanata cewa sayen kaya ba shi ne aikin ba. Ƙasar Peru ta raba ɗaruruwan dubban kwamfutocin hannu ga 'yan firamare a ƙarƙashin shirin nan na kwamfuta ɗaya ga kowane yaro. Da aka bi makarantu 319 na karkara aka auna bayan wata 15, yaran sun iya sarrafa kwamfutar kam, an ga ɗan ci gaba a gwajin kaifin tunani, amma a lissafi da harshe ba a ga wani bambanci ba. A Los Angeles ta Amurka an ƙaddamar da shirin raba iPad a 2013 wanda aka yi wa kasafin sama da dala biliyan 1, cikin 'yan kwanaki ɗalibai suka gano yadda ake cire shingen da aka sa, kayan karatun da ke ciki ba su kammala ba, kafin a je ko'ina shirin ya rushe. Ƙungiyar OECD, ta ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki, ma a rahotonta na 2015 ta ce ƙasashen da suka zuba kuɗi sosai a kwamfutocin makaranta ba a ga sun yi wani tsalle a karatu ko lissafi ko kimiyya ba. Sai ku ɗora wannan kusa da na Delhi da na ambata. Can manhajar Mindspark aka yi amfani da ita, yara suna zuwa bayan an tashi makaranta, minti 45 a kan kwamfuta da ke ba kowa aiki daidai matakinsa, minti 45 kuma tare da mai koyarwa a ƙaramin rukuni, kwana shida a mako, kuma da ƙuri'a aka zaɓi masu shiga dan kar a ce masu ƙoƙari aka ɗebo. Cikin wata huɗu da rabi ci gaban da suka yi a lissafi ya ninka na waɗanda ba su shiga ba. Duka biyun na'ura ce, abin da ya raba su shi ne ɗaya an san me ake so ta yi an kuma ware mata lokaci, ɗayar an miƙa ne an ɗauki hoto.

Akwai wani abu a cikin binciken Delhin nan da nake so ku riƙe da kyau, dan ku ya shafa kai tsaye. Da aka duba jarrabawar makaranta ta lissafi, wadda ake yi a kan silabus na ajin da yaro yake, ba a ga wannan ci gaban ba. Dalili a fili yake, ɗan aji 7 da yake matakin aji 3 ya hau zuwa na 4 ko 5, ya yi gagarumin ƙoƙari, amma takardar aji 7 har yanzu ta fi ƙarfinsa. In da irin wannan jarrabawar kaɗai za ku auna shirinku, ƙarshen shekara za ku ce bai yi aiki ba ku rufe shi, alhali a lokacin ne ya fara aiki. Sai ku tanadi gwajin da ke nuna daga ina yaro ya taso kuma ina ya kai. Haƙuri ma yana ciki, kamfanin bincike na RAND ya gwada wata manhajar aljebra mai suna Cognitive Tutor a makarantu 147 na Amurka, shekarar farko babu wani bambanci, sai a ta biyu da malamai suka saba aka ga ɗaliban manyan sakandare sun ɗaga. In da bayan zango biyu aka yanke hukunci da tuni an binne ta.

To ga abin da nake roƙo, kuma mafi yawansa ba ya cin kuɗi, sa hannunku kawai yake buƙata. Jadawali tukuna. Minti 35 ko 40 ba ya isar zagaye uku, kafin a zauna an kaɗa ƙararrawa, ku ba mu darasi biyu a haɗe aƙalla a lissafi da harshe. Sai maganar sufeto, wadda ita ta fi damuna. Ba zai yiwu da safe ku ce min in koyar da kowane yaro daga inda yake ba, da rana kuma ku turo wanda zai buɗe littafin tsarin darasi ya ce mako na shida ne me ya sa ba ka kai babi na shida ba, ya rubuta min takardar tuhuma. Malami mutum ne mai iyali, in umarni biyu suka ci karo wanda zai taɓa masa albashi ko ƙarin girma zai bi, tabulet ɗin kuma su koma sito. Ku canza abin da sufeto ke tambaya, ya ce nuna min rukunanka, da me ka raba su, yaushe ka canza su, yara nawa suka tashi daga wannan mataki zuwa wancan. Ku kuma ware wani lokaci a mako da doka ta yarda a ajiye silabus a koma gyaran tushe. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta shekara da shekaru tana yin haka, tana raba yara bisa matakinsu ba shekarunsu ba, yawanci ma babu ko na'ura ɗaya, kuma gwaje-gwajen da su Abhijit Banerjee da Esther Duflo suka yi, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019 tare da Michael Kremer, sun nuna yana aiki, musamman inda aka ware masa lokacinsa aka kuma sa masu bibiya. Wannan ma kaɗai ya isa ya nuna muku raba yaran bisa matakinsu ne ginshiƙi, na'ura sauƙaƙa shi take yi.

Sannan lokacin malami. Manhaja za ta fitar da bayanai tuli, ja da kore da ruwan ɗorawa a gaban sunan kowane yaro, amma in babu sa'ar da zan zauna in duba in ce waɗannan shidan gobe su zan fara kira, to ado ne kawai. Wannan sa'ar ku sa ta cikin jadawali a matsayin aiki, kar ku bar ta ta zama abin da malam zai yi da dare bayan ya gama makin littattafai. Bita kuma, dan girman Allah a daina ta kwana biyu a babban zaure inda ake koya mana kunnawa da kashewa a raba satifiket. Kunna tabulet yaran ma za su koya mana. Abin da ke da wuya shi ne riƙe aji yana abu uku a lokaci guda, da karanta bayanan, da sanin me za ka yi da yara takwas a minti ashirin, wannan kuwa sai wani da ya iya ya shigo ajinka ya zauna ya gani, ku tattauna, ya dawo bayan sati biyu. Ku fara da 'yan ajujuwa da malaman da suke so da kansu, su yi shekara, sannan su su koya wa sauran.

In mai tallar manhaja ya zo, kar ku bari ya riƙe na'urar yana nuna muku. Ku karɓa ku shiga a matsayin yaro, ku rubuta 45 a amsar 52 a ɗebe 17 ku ga me za ta yi. In ta ce ba daidai ba sake gwadawa, ta kawo wata tambayar irinta, to littafin aiki ne aka sa wa gilashi. In ta gane irin kuskuren ta koma da ku kan gomomi da ɗaiɗai, to a zauna a yi magana. Ku tambaye shi wa ya gwada ta wanda ba ma'aikacin kamfanin ba, da wane irin yara, kuma da harshen da yaranku suke ji take magana ko kuwa yaron da bai iya karatu ba za a ba umarni a rubuce. In ya fara muku zancen wai tana gano mai koyo da ido da mai koyo da kunne ta ba kowa nasa, ku sa alamar tambaya, masana halayyar ɗan Adam ƙarƙashin Harold Pashler sun bi wannan maganar a 2008 ba su samu hujjar da ta tsaya ba. Abin da ya bambanta yara wanda ya shafe mu shi ne me suka riga suka sani da kuma lokacin da suke buƙata. Ku tambayi ko tana aiki in babu intanet, dan akwai irin su Kolibri da ake sauke kayan a kwamfuta ɗaya sauran na'urorin su ja daga gare ta a cikin makaranta, kuma kyauta ce. Ku tambayi wa zai gyara in allo ya fashe, ina za a yi caji, batir in ya mutu bayan shekara biyu uku daga wane aljihu, dan kasafin da ya ƙare a ranar ƙaddamarwa bai cika kasafi ba.

Bayanan yara kuma amana ce a wuyanku, sunansu da makinsu da kurakuransu da sa'ar da suke shiga. A 2022 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta duba manhajoji da shafukan karatu sama da 160 da gwamnatoci 49 suka amince da su lokacin korona, ta ce kusan kashi 89 cikin 100 suna bibiyar yara ko suna da damar yin hakan, da yawa suna tura bayanan ga kamfanonin talla. A Amurka wani rumbun bayanan ɗalibai mai suna inBloom da aka zuba wa dala miliyan 100 rufe shi aka yi a 2014 bayan iyaye sun tayar da ƙura. A rubuta a cikin kwangila ƙarara me za a tattara, wa zai gani, yaushe za a goge, a kuma yi wa iyaye bayani da bakin da za su gane.

Wani nau'in koyarwar haɗakar da na ga yana burge ku shi ne wanda yaro zai kalli bidiyon darasi a gida ya zo aji a yi aikin tare, wanda malaman kimiyyar sinadarai biyu a jihar Colorado, Jonathan Bergmann da Aaron Sams, suka yi suna da shi tun wajen 2007. Yana da kyau ga manyan ɗalibai masu na'ura da data da wurin zama shiru a gida. Amma ku tuna 2020, da aka rufe makarantu UNICEF ta ce aƙalla yara miliyan 463, kusan sulusin 'yan makarantar duniya, babu hanyar da karatun nesa zai kai gare su. Duk tsarin da ya jingina da abin da yaro ke da shi a gida, wanda ya riga ya yi gaba shi zai ƙara gaba, mun dawo kan tazarar da muka ce za mu rage. In za a yi, a buɗe ɗaki a makaranta kafin darasi ko bayan tashi inda marar na'ura zai kalla.

Kar kuma a wuce gona da iri. A 2018 ɗaliban wata sakandare a Brooklyn ficewa suka yi daga aji suna zanga-zanga a kan wani tsarin da ke zaunar da su gaban kwamfuta sa'o'i, suna cewa malami suke so. Suna da gaskiya. Tafiya daidai ƙarfinka ba ta nufin zama kai kaɗai, kuma yaron da aka ce ya tafi da saurinsa ba tare da mai tura shi ba, sau da yawa saurin nasa tsayuwa ne, musamman wanda dama shi ne a baya. Dole a sa masa inda ake so ya kai a ƙarshen mako, a zauna da shi a duba. Akwai kuma darussan da dole aji ya haɗu, muhawara, karanta labari tare, gwajin kimiyya da hannu, rubutun insha'i da malam zai karanta ya ce nan me kake nufi. 'Yan ƙananan aji kuwa minti goma sha biyar zuwa ashirin a kan allo ya ishe su, hannunsu yana buƙatar fensir.

Na ƙarshe, in za ku nemi rahoto daga makarantu, kar ku tambayi na'ura nawa aka raba ko minti nawa yara suka yi a kai, dan duk abin da kuka ce a ƙirga shi za a cika muku, za a zaunar da yara su yi ta danne-danne har adadin ya cika. Ku tambayi hedimasta yara nawa ne a farkon zango ba sa iya ɗebewa da aro ko karanta sakin layi guda, yanzu kuma saura nawa, sannan wata rana ku shigo ba tare da sanarwa ba ku zaɓi yara biyar daga bencin baya ku gwada su da kanku.

Na gode da haƙurin karantawa, Allah ya yi muku jagora.

Naku,
wani malamin lissafi.